Ragon Malama

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya san Gwandu ya san abin da hakan yake nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, wadda ake gado kamar gona. Ina ƙarama, in yana nemana sai ya ce, "Ina yarinyar nan?" Da na yi aure na koma Kalgo, inda nake buga takardu a sakatariya, sai aka yi mini ƙarin girma na zama "mutanen Kalgo". Ni kaɗai, amma gari guda. In na zo gida na durƙusa na gaishe shi, sai ya dubi katanga ya ce, "Mutanen Kalgo sun iso lahiya?" Ni kuma in dubi ƙasa in amsa wa katangar.

Duk maganar da ta fi gaisuwa tsawo, ta hannun Goggo take bi. Goggo yayar Baba ce, ita ta raine ni bayan rasuwar Inna, kuma tun kafin wayar hannu ta zo garinmu ita ce layin da ke tsakanina da mahaifina. Layi ne mai ƙarfi, sai dai yana ƙara nasa a cikin saƙo. Na san al'ada ce, na kuma san Baba yana sona, domin kazar da ta fi ƙiba ranar zuwana take mutuwa. Amma ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini ciwo. Ƙannena ana kiransu da suna, ana yi musu faɗa da suna. Ni ko faɗan ban samu ba.

Shekarar da zan ba da labarinta, albasar Baba ta ruɓe a rudu, wato ɗan ɗakin kara da ciyawa da manoman wajenmu ke ajiye albasa a ciki har ta yi tsada. Ba ruɓewar wasa ba, sai da maƙwabta suka zo jaje suna toshe hanci. Na koma Kalgo da abin a raina, na ba wata abokiyar aikina labari. Kirista ce 'yar wajen Zuru, mace mai tara karatu kamar yadda wasu ke tara atamfa. Ita ta fara nuna mini cewa manyan jami'o'in duniya suna zuba darussa kyauta a intanet, kowa ya ɗiba. Ta yi na kiwon kifi ba ta da ko tarwaɗa, ta yi na taurari. Nan take ta lalubo mini wani kwas a kan adana amfanin gona bayan girbi.

Ranar Asabar na je Gwandu na zauna kusa da Goggo, na ɗaga murya yadda za ta kai bakin zaure, na ce akwai wani karatu a waya da ke hana albasa ruɓewa. Baba bai yi boko ba, amma ɗalibi ne na gaske. Tun yana saurayi yake zuwa zauren wani tsohon malami a unguwarmu yana ɗaukar littattafai, har yau bai ce ya gama ba. Don haka tambayarsa ta farko ba ta albasa ba ce.

"A tambayi mutanen Kalgo," in ji shi ga katanga, "malamin nan, wurin wa yay yi karatu?"

Na ce da Goggo ban san malamanta ba, mace ce ma, farar tsohuwa mai furfura da tabarau, a wata jami'a can ƙetaren teku. Na zaci nan maganar za ta mutu. Sai ya ce, "Ƙasag ga ba ta raina karatun mata ba tun zamanin kakanni. A kawo ta."

Ban taɓa ganin an karɓi waya yadda Baba ya karɓi tawa ba. Ya shiga ɗaki ya sako farar rigarsa ta Juma'a, ya shimfiɗa buzu a ƙasa, ya sa aka kifa turmi aka ɗora wayar a kai, don malami ba ya zama ƙasa da ɗalibi. Ni aka ba ni tabarma a gefe, inda ba za mu haɗa ido ba. Goggo ta jawo kujerarta ta zauna a tsakiya da ƙwaryar gyaɗa. Da matar ta bayyana tana murmushi, Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, an wuni lahiya? Ina gajiya? Ya iyali?" Ita kuwa ta riga ta kai ga bayanin danshi da iska. Baba ya gyaɗa kai cike da gamsuwa, ya ce wannan ba mai yawan surutu ba ce, karatu ya kawo ta.

Sai aka zo ga matsala. Malama da Turanci take magana, ni zan fassara, kuma ba zan iya fassara ba sai na tsayar da ita. Da na danna ta tsaya cak, Baba ya zabura.

"A hwaɗa ma mutanen Kalgo ba a katse malami!"

Goggo ta juyo gare ni ta ce, "Kin dai ji, wai ba ki da tarbiyya." Na ce ta gaya masa Malama ce da kanta take ba da fili don ɗalibai su fahimta. Goggo ta ce masa, "Wai ta ga kanka da tauri, shi ya sa take jira." A haka aka daidaita.

Abin da ban iya yi wa bayani ba shi ne sabis. A gidanmu sabis baƙo ne, yana leƙowa ya wuce. Ana tsakiyar magana sai Malama ta daskare, baki a buɗe, ido ɗaya a lumshe, wani ɗan zobe yana ta juyi a kan hancinta. Baba sai ya kawar da kai, domin bai kamata ɗalibi ya ga malaminsa a wannan hali ba. Muka yi ta yawo da turmi a tsakar gida muna neman inda za ta farfaɗo, har muka gano ta fi samun lafiya kusa da turken awaki. Baba ya ce ba zai zaunar da malami cikin kashin awaki ba. Daga nan na koma sauke darussan a Kalgo, inda sabis ke da ɗan mutunci, in taho da su duk ƙarshen mako. Data kuwa ta sha albashina ba tausayi, na fahimci kyautar tana tsayawa ne a bakin ƙofar jami'a, kuɗin mota naka ne.

Ba zan yi ƙarya in ce Turancin Malama ya zo mini da sauƙi ba. Turancina na buga takarda ne, ba na ƙwayoyin cuta ba. Kowane darasi sai na kalle shi na sake kalla a lokacin hutun ofis, ni da abokiyar aikina muna ta tona kalmomi, kafin in san yadda zan zuba shi a Hausar da manomi zai ɗauka. Inda maganar ta bushe, sai in ɗan sa mata gishiri. Da Malama ta ce a ware duk albasar da ta ji rauni kafin a ajiye, na ce, "Tac ce wake ɗaya shi ka ɓata gari." Da ta yi bayanin cewa yawan takin zamani a ƙarshen noma yana kumbura albasa, ya bar wuyanta da kauri da ruwa, ta nan ruɓa ke shiga, na ce, "Tac ce kwaɗayi mabuɗin wahala." Wannan ta taɓa Baba, don abin da ya yi ke nan bara, yana son albasarsa ta fi ta kowa girma a kasuwa. Ya yi dariya har da dafa gwiwa, ya ce wa wayar, "Kin kama ni, Malama! Kai, matag ga ta san Hausa a zuci." Na ji daɗi na kuma ji haushi lokaci guda. Karo na farko ke nan da na ba mahaifina dariya, kuma wata can ta karɓe ladan.

Haƙurinta ne ya fi ba shi mamaki. In bai gane ba sai in mayar da bidiyon baya, ta sake faɗa daidai yadda ta faɗa, da murmushin da komai. Ya ce su a zaure in ka tambaya sau biyu za a dube ka, na uku a tambayi wane ne ubanka. Akwai kuma darussan da ba su shafe mu ba ko kaɗan. Mako guda Malama ta yi tana bayanin ɗakunan sanyi masu aiki da lantarki dare da rana, mu kuwa gidanmu ko waya sai an kai ta caji kasuwa. Na ce da Goggo mu tsallake wannan babin. Baba ya ce sam.

"Mun karanta zakkar raƙuma tun daga hwarko har ƙarshe," in ji shi, "ba mu da raƙumi ko guda. Ba a tsallake babi."

Haka muka zauna na fassara masa yadda ake saita sanyin injin da ba zai taɓa gani ba, yana cewa na'am. Da na nuna masa wurin da ɗaliban kwas ɗin daga ƙasashe barkatai ke rubuta tambayoyinsu, ya sa na rubuta musu cewa ɗan ajinsu na Gwandu yana gaishe su, yana musu fatan alheri. Wani daga wata nahiya ya amsa da hoton babban yatsa. Baba ya daɗe yana nazarin yatsan, ya yanke cewa mutumin kurma ne, ya yi masa addu'a.

Da muka gama, aka ce mai son satifiket sai ya biya. Baba ya ce ba takarda ya zo nema ba. Ya koma fadama ya yi yadda aka ce: ya rage taki a ƙarshe, ya janye ban ruwa kafin cira, ya bar wuyan ya bushe sosai, ya ɗaga ƙasan rudu ya buɗe masa hanyar iska, ya ware masu rauni. Wasu ya san su tun da, wasu sababbi ne. Ruwan farko ya sauka, aka buɗe rudu ana ɗar-ɗar, sai ga albasa tana ƙyalli, in ban da 'yan kaɗan a gefe. Maƙwabtan da suka zo jaje bara suka dawo da tambayoyi.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Da yammar ranar da aka buɗe rudu Baba ya shiga turke ya kamo ragon da yake kiwo don layya, fari mai baƙin kai, wanda duk unguwa ta san shi. Ya tsaya a tsakar gida ya sanar cewa daga yau wannan ragon Malama ne. Karatu ya yi amfani, haƙƙin malami ya wajaba, sai a kai mata ta sa albarka.

Na ce, "Goggo, ki hwaɗa mai ba a biyan komi, don kowa anka yi shi."

"Babu karatun da ba shi da haƙƙi," in ji Baba. "Akwai dai ɗalibi maras kunya."

Tun daga ranar ragon ya tashi daga dabba ya koma amana. Ba a dukansa, ba a yi masa tsawa. Harawa mai kyau tasa ce, dusa tasa ce. Babbar Sallah ta zo, Baba ya je kasuwa ya sayo wani siririn rago mai tari ya yi layya da shi, ragon Malama yana tsaye a inuwa yana tuƙa yana kallo. Kamar ya san matsayinsa, sai ya fara mulki. Ya cinye zogalen da Goggo ta shanya, ya ci rabin tabarmata, ya tunkuyi Goggo ta baya tana alwala. Ta ɗauko muciya, Baba ya ce, "Yaya, dukiyar mutane ta!" Goggo ta ce in dukiyar mutane ce mutanen su zo su kwashi abinsu, in ba haka ba za a wayi gari a tarar amana ta zama kilishi.

Ni aka ɗora wa neman hanya. Na rubuta saƙo a shafin kwas ɗin na yi bayani dalla-dalla, har da launin ragon. Kafin in ajiye waya amsa ta dawo, wai sun gode da tuntuɓa, ra'ayina yana da muhimmanci a gare su. Abokiyar aikina ta yi dariya har ta kwanta a kan tebur, ta ce inji ne ya amsa, kuma bidiyon ma an daɗe da ɗaukarsa, wataƙila matar ta bar aiki. Na kai wa Goggo, Goggo ta kai wa Baba. Ya tambaya wace tasha ake shiga motar garinsu. Aka ce sai jirgi. Ya ce to a ba alhazai, ai kowa ta Makka yake bi. Aka ce ba lallai ta bi ta can ba. Ya ce a sayar a tura mata kuɗin. Ya sake tunani ya ce a'a, ba a sayar da abin mutum ba da izininsa ba.

Muna dariya, amma shi ba dariya yake ba. Na lura ya rage cin abinci. Damina ta ja, lokacin zuba irin albasa ya matso, sai ya faɗi maganar da ta tsayar da dariyar kowa. Ya ce ba zai ƙara aiki da karatun da bai sauke haƙƙinsa ba, bana yadda ya saba zai yi, in ta ruɓe ta ruɓe, ya fi masa cin abin da babu albarka a ciki. Na san halin Baba, in ya faɗa ya faɗa. Na koma Kalgo raina a ɓace, ina jin haushin ragon, da Malama, da ni kaina da na kawo ta.

Wata Asabar da hantsi ban je Gwandu ba, ina wanki, sai na ji bas ta tsaya a ƙofar gidanmu, ana ta hayaniya. Muryar Goggo na fara ji tana gaya wa direba cewa tun daga Gwandu ragon nan yake taka mata ƙafa. Na leƙa, sai ga Baba cikin farar rigarsa ta Juma'a, buzu a hammata, igiyar rago a hannu. Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa tako shi ba. Ya ɗaure ragon a jikin bishiyar darbejiya, ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya shigo ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa ya zauna.

Ya ce, "Malama."

Na ruga ɗaki na ɗauko waya, ina neman abin da zan ɗora ta a kai tunda ba turmi kusa.

"Aje wagga," in ji shi.

Goggo ta gyara zama ta fara, "Ni na ja shi wurin malaminsu na zaure, don na gaji da..."

"Bari, Yaya," in ji Baba. "Ɗalibi ba ya aike ga malaminshi."

Sai ya ɗago kai ya dube ni. Ba katanga ba, ba Goggo ba, ni. A lokacin na ga ashe furfura ta kai har girarsa. Ya ce tsohon malamin ya tambaye shi ko yana jin Turanci, ya ce a'a. Malamin ya ce masa to karatun da kake cewa ka ɗauka, daga bakin wa ya shiga kunnenka? Littattafan da muke karantawa a zauren nan, masu su suna Misra da Ƙairawan, wa ka taɓa kai wa rago a cikinsu? Mai littafi addu'a ake yi masa. Wanda ya zauna ya warware maka har ka gane, shi ne malaminka.

"Waccan ta waya littahi ta," in ji Baba, "kuma na yi mata addu'a. Daman na yi mamakin inda tas san wake ɗaya." Ya ɗan yi murmushi, sannan ya gyara murya kamar yadda ake yi a zaure. "Malama, ga ɗan abin da Allah ya hore. In na yi rashin ladabi cikin karatu a yahe mani. Ina neman izini in yi aiki da shi, in koya ma wanda yat tambaya. A sa mani albarka."

Shekara da shekaru ina tsara abin da zan ce ranar da Baba zai yi mini magana kai tsaye. Na tanadi maganganu masu daɗi, har da 'yan ƙorafe-ƙorafe. Ranar ta zo, ina tsaye da kumfar sabulu a hannu, hawaye suna zuba. Mahaifina yana zaune a ƙasa yana jira. A waje ragon ya riga ya kamo zanen da na shanya yana taunawa. Na yi ƙoƙarin duban Baba na kasa. Sai na durƙusa, na juya wajen Goggo.

"Goggo," na ce, "ki hwaɗa ma mutanen Gwandu an yahe, an ba da izini. Allah shi yi albarka."

Goggo ta tafa hannu ta ce ita kam ta shiga uku, ta zaci yau za ta yi ritaya. Baba bai jira ta isar da saƙon ba. Ya shafa fuska da hannu biyu ya ce amin.

"Mutanen Gwandu sun ji, Malama," in ji shi.